Direban Roba Bai Dawo Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, aka zo mini da labarin jikana ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin aikinsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Angona, kullum kai ke tsokanata wai na ƙi mutuwa, na tare wa mutane hanya. Sai ga shi ka yi mini wayo ka riga ni.

Sana'arka ta sha dariya a wurina. Ƙato da gemu, ka jera 'yan tsana a kan tebur, ka matsa ƙafar wannan kamar faɗin farce, ka ɗauki hoto, ka sake matsawa, ka sake ɗauka. Yini guda, taku biyar. Amma in aka jera hotunan sai ga giwar katako tana tafiya a talabijin, yara na ihu. Da ka rasa mai ba da labarin, ni ka ɗauko, wai muryata kamar tsohuwar ƙofa take, yara za su so ta. Ka san karatuna bai yi nisa ba, sai ka riƙa rubuta mini takardar da manyan baƙaƙe, kana ce wa mutane idona ne ba ya gani.

Shirinka yana da doka: duk ɗan tsanan da ya fita sai ya dawo kafin a rufe, ni kuma in ce, "Kowa ya dawo gida."

Na ƙarshen ka bar shi rabi. Ɗan tsanan roba, direba, ya fita neman tayar motarsa, sauran suna jiransa a bakin ƙofar gidansu na kwali. Abokin aikinka mai haɗa hotuna ya nuna mini inda ka tsaya. A hotuna goma sha biyu na ƙarshe 'yan tsanan sun daina kallon ƙofa. Kawunansu na juyowa kaɗan-kaɗan, har suka tsaya suna duban ƙasa, daidai inda aka tsince ka.

Na ce, "Wa ya juya su?"

"Kaka, wataƙila tebur ne ya girgiza."

"Wane tebur ne ke girgiza sau goma sha biyu, yana ɗaukar hoto?"

Ya koma kan aikinsa. Ni kuma ban sake tambaya ba.

Shi so yake ya dawo da direban, in faɗi maganata kamar kullum. Amma 'yarka mai shekara biyar, tun ranar da aka fita da kai tana zaune a bakin ƙofa. Ta ce mini, "Tsohuwa, ai ba ki ce kowa ya dawo ba tukuna. Baba na hanya."

Shekara da shekaru ina shirga wa yara ƙarya mai daɗi, wannan kam ta gagare ni. Jiya na ɗora ta a cinya a gaban na'urar ɗaukar murya, na ce, "Direba bai dawo ba. Suka jira, suka yi kuka, sannan suka shiga ciki." Ta daɗe tana kallona. Sai ta sauka, ta sa yatsa ta tura ƙofar kwalin, ta rufe. Na karya maka doka, ango, ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Allah ya ba mahaifiyarka da matarka haƙurin rashi, ya raya abin da ka bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.