Maɓallin da Aka Sa wa Sunan Yayata

Yayata ba ta yarda da kalmar "ya yi". Tun muna yara, in ka ce mata ka kulle ƙofa, sai ta tashi ta je ta girgiza ƙofar da hannunta. Wajen Mama ta gado halin. Shekara talatin Mama ta yi tana miƙa magani ta tagar wani ƙaramin asibiti, kuma ba ta taɓa miƙa kwalbar yaro ba sai ta leƙo ta ga yaron, ta tambayi nauyinsa. 'Yan layi na tsaki, ita ko a jikinta.

Da Yaya ta gama karatun kwamfuta, ta samu aiki a wani kamfani mai ɗaki uku, a saman shagon masu sayar da tayal. Manhaja ɗaya suke yi, wadda ƙananan asibitoci ke buga takardar da ake liƙawa a jikin magani da ita: cokali nawa, sau nawa a rana. A lokacin da hannu ake fitar da kowane sabon gyara. Akwai wani littafi mai shuɗin bango, matakai arba'in da ɗaya a ciki, wani na karantawa, wani na bugawa. In aka tsallake mataki, asibitoci su wayi gari da farin allo, Manaja ya fito yana neman wanda ya yi. Ba ya samu. Littafin ba ya faɗin suna, kowa kuma ya rantse ba hannunsa ba ne. Wannan ya fi cin ran Manaja fiye da ɓarnar kanta.

Wata takwas Yaya ta yi tana gina abin da suka sa wa suna bututu. Mai rubuta manhaja zai tura gyaransa ta baki ɗaya. Inji ya harhaɗa shi da sauran, ya bi shi da gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya, in duk sun wuce ya fitar da shi ta ɗaya bakin zuwa kwamfutocin asibitoci. Ta kafa babban allo a bango. Kore, lafiya lau. Ja, a tsaya. Littafin nan shuɗi ya koma matashin ƙafar wani tebur mai rawa.

Ranar da aka fara, Manaja ya tafa mata a gaban kowa, sannan ya ce abu ɗaya ya rage. Yana so a bar maɓalli a ƙarshen bututun, kada komai ya fita sai mutum ya danna.

"Kuma da sunanki za a sa shi, Injiniya. Wa na yarda da shi kamar ke?"

Ta dawo gida baki har kunne. Mama tana ninke kaya ta saurare ta har ta gama, ta ce, "To shi me ya sami yatsansa?"

Yaya ta ce Mama ba ta gane zamani ba. Gaskiya ita ce maɓallin ya yi mata daɗi. Maza goma sha ɗaya a ofis, duk sai sun jira ta dawo daga cin abinci. Wa zai ƙi?

Bayan wata biyar wani gyara ya fita da ɗan kuskure, sunan asibiti yana yankewa a gefen takarda. Ba wanda ya cutu. Amma a taron safe Manaja ya shigo da takarda bugagga, ya karanta a hankali: sunan Yaya, ranar, ƙarfe sha ɗaya da minti bakwai.

"Ba ni na faɗa ba," ya ce, yana murmushi. "Inji ne ya faɗa."

A nan ta gane. Shekaru yana neman suna a littafi bai samu ba, ita kuma ta kwashe wata takwas ta gina masa inji mai ba shi suna, ta ɗora nata a kai da hannunta, har da godiya.

Abin da ya raba ta da Manaja ya faru ne wata Alhamis da rana. Washegari wakilin wani babban asibiti zai zo ganin sabon fitowar manhajar, Manaja ya riga ya cika masa baki. Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a masu rubutun, ya tura gyaransa na ƙarshe, allo ya yi ja. Gwaji ɗaya ne ya ƙi wucewa, wanda Yaya ta rubuta tana tuna tagar Mama: manhajar tana lissafa wa yaro mai kilo bakwai magani kamar mai kilo goma.

Yaya ta sauka ɗauko 'yarta daga makaranta. Da ta dawo, allon kore ne shar.

Wani zai yi hamdala ya zauna. Ita ta matsa kusa ta karanta ƙananan lambobin da ke ƙasa.

"Dogo, ina ɗayan?"

"Wane ɗaya, Injiniya?"

"Kar ka raina min hankali. Da safe gwaji ɗari huɗu da sha biyu ne. Yanzu da sha ɗaya. Tafiya ya yi?"

Dogo ya saci kallon ƙofar gilas ta ofishin Manaja. "Cewa ya yi in ajiye shi a gefe zuwa Litinin. Baki da baki ya faɗa min, a bakin banɗaki."

"Ai dole a bakin banɗaki. Can babu inji."

Ƙofar gilas ta buɗe, Manaja ya fito yana gyara agogo. "Injiniya, na ga kore. Me muke jira?"

"Ranka ya daɗe, kore ne saboda an cire gwajin da ya kama kuskuren. Kuskuren yana nan zaune."

"Kwana huɗu ne kawai. Yara nawa ne 'yan ƙasa da kilo goma za su zo kafin Litinin?"

"A asibiti sittin? Bari in kira maka mahaifiyata ta ƙirga maka."

Ya haɗe rai. In yana buƙatarta Injiniya ce, in ta ɓata masa sai ta koma Malama.

"Malama, ba wa'azi na ce ki yi min ba. Danna."

Ta zauna. Ta jawo kwamfutarta. Dokokin bututun ma rubutu ne kamar kowane rubutu, a layi ɗaya aka rubuta wanda ke da maɓalli. Ta goge sunanta, ta rubuta na Manaja, ta tura. Amma ita ce ta kafa dokar cewa babu gyaran da zai shiga sai mutum na biyu ya amince. Ta juya ta kalli Dogo.

Kada a ba Dogo jarumtar da ba tasa ba. Shi da bakinsa ya gaya min lissafi ya yi: sunansa ne a kan cire gwajin, in Yaya ta faɗi shi ne na gaba a layi. Ya amince, ya sunkuyar da kai kamar mai neman biro a ƙasa.

Minti uku bututun ya yi yana aikinsa. Sai rubutu ya fito a babban allo, ana jiran amincewar Manaja, da cikakken sunansa. Duk ofishin aka daina buga komai. Ana jin masu tayal a ƙasa suna sauke kaya.

Yaya ta juyo masa da kwamfutarta. "Bismillah, ranka ya daɗe. Yatsa ɗaya ne. Zai rubuta suna da lokaci, yadda kake so."

Ya tsaya yana kallon maɓallin. Hannunsa na dama yana cikin aljihu, a can ya bar shi. Mutumin da ya ce kwana huɗu ba komai ba ne, ya kasa ɗaukar minti ɗaya da sunansa a kai. Can ya yi gyaran murya.

"Ni ban ce a fitar da abu mai matsala ba. Wai ma wa ya cire gwajin nan?"

Ya juya ya zuba wa Dogo ido.

An mayar da gwajin, allo ya koma ja, ya kwana biyu a haka kafin Dogo ya gano inda ya kauce. Baƙon ya zo aka nuna masa tsohuwar manhajar, bai ma lura ba. A gabansa Manaja ya dafa ƙirji ya ce shi da kansa ya dakatar da sabon fitowar, domin kamfaninsa ba ya wasa da ran yara. Yaya tana tsaye a bayansa riƙe da waya mai haɗa allo.

Na taɓa tambayarta ko don yaran ta yi, ko don takardar nan da aka karanta a taro. Ta harare ni ta ce duka biyun, in kuma ban ji daɗi ba in je in rubuta wata yayar.

Bayan mako uku aka yi mata ƙarin girma. Shugabar sashen ƙorafi, sashe mai mutum ɗaya, tebur a bakin ƙofa kusa da tulun ruwan sha, da wayar tarho. Aka karɓe lambar sirrinta ta shiga bututun da ta gina. Maɓallin ya koma sunan Dogo, shi ma an tafa masa.

Daga teburin, in ta karkata wuya, tana hango ƙasan babban allon. Kullum da safe kafin ta ajiye jaka takan rubuta adadin gwaje-gwajen a bayan wani tsohon ambulan. Talatar da ta wuce ta rubuta, ta duba na jiya, ta ga sun ragu da biyu, ta sake duba allo. Kore ne shar. Ta ɗauki tarho ta buga lambar teburin Dogo, wanda ke zaune taku biyar daga ita.

"Daga sashen ƙorafi ne," ta ce. "Ina biyun?"