Shuni a Ido, Shuni a Iyakar Gona

Ban san wata fitina da ta taɓa tashi a bayan ƙasa ba, tun daga rushewar dauloli har zuwa faɗan zakaru, wadda asalinta ba iyaka ba ce. Na karanta haka a littattafai, na koyar a aji, sannan ɗan baffana ya maimaita mini darasin a gonarmu ta gado da ke hanyar Kebbe.

A shekarun da yanar ido ta rufe mini gani, gambar da ta raba gonata da tasa ta koyi tafiya. Kowace damina sai ta ƙara matsowa cikin tawa. Da na yi magana a majalisa sai ya ce, "Haba Malam, kai da ko tafin hannunka ba ka gani, mi kag gani?" Aka yi dariya. Na ajiye masa harara, irin wadda a da take sa ɗan aji shida ya manta sunansa.

Da likitocin ido suka zo Tambuwal, ina sahun gaba. Likitar da ta duba ni ta ce yanar ta nuna, ta yi fari fat, jakar da take ciki kuwa siririya ce kamar ɓawon albasa, garau, ba a ganin bakinta. Sai an ɗiga mata shuni kafin a san inda za a yanka da inda za a tsaya.

"Baba, in ba mu rina ba, ba mu ganin iyaka."

Na ce, "Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Aiki biyu kika yi mini."

Ranar da aka cire auduga na ga duniya kamar an wanke ta. Ban tsaya kallonta ba. Na sa aka sassaƙo turaku, aka tsoma su a marina har suka yi shuɗi, na kafa su a tsohuwar iyaka, daga tsamiya zuwa kututturen da kakanmu ya bari. Na gayyato duk wanda ya yi dariyar nan, har da wanda murmushi kawai ya yi. Na aika a kira ɗan baffan nawa. Na gyara tsayuwa, na zaro hararar.

Ya iso da sanda, ƙanensa na riƙe da hannunsa. Ya yi wa tsamiya sallama.

"Malam, an ce da abin da kaka son in gani?"

Na dubi idanunsa. Yanar ido ce, duka biyun, fari fat.