Ƙyallayen Maman Happiness

Duk atamfar da ta ratsa ta bakin almakashin Angelina, sai ta bar mata ƙyalle kamar tafin hannu. A gaban mai kaya take yankewa, ta jefa cikin wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin keken ɗinkinta. In an tambaya sai ta ce, "Na tunawa ne."

Daga wani ƙauye kusa da Kafanchan aka kawo ta Fatakwal tana amarya. Mijin ya yi gadi a Trans-Amadi har ya rasu, ita kuwa ta zauna da ɗan shagonta a Mile 2 Diobu. Anko ne aikinta. Ta ɗinka wa zumuntar mata ta cocinsu, ta ɗinka wa matan mahauta, ta ɗinka wa matan Ibo na layinsu. Amma ita ba a taɓa ganin ta cikin anko ba. Ranar biki tana kan keke, tana gyara wuyan rigar wata.

A layi Bahausa suke ce mata. A ƙauyensu da wani ya kira ta haka da an ji kansu. Can "ta Fatakwal" ce. Matan mahauta kuma su ce Maman Happiness ta coci. Kowanne takan amsa.

Da la'asar, in ruwa ya kama dukan kwano, sai ƙafarta ta tsaya a kan keke, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Takan ga ƙyallayen sun fito daga jaka sun shimfiɗu kamar gonakin citta a gindin dutse, mata na tafe a kan kunya, kowacce na kiran ta da suna dabam, ita kuma ta rasa wajen da za ta juya.

Ana haka auren Happiness ya taso, 'yarta tilo. Zumunta suka kawo mata shuɗiyar atamfarsu. Matan layi suka kawo ruwan goro. Kulu, matar wani mahauci, tsohuwar ƙawarta, ta zo da koriya.

"Tamu za ki ɗaura," in ji Kulu. "Wa ya yi miki wankan jego da kika haifi yarinyar nan?"

"Ke ce, Yaya. Saura kaɗan ki dafa ni."

"To."

"Masu shuɗiya kuma su suka binne mini miji. Masu ruwan goro su suka fitar mini da keke ranar da ruwa ya ci layin nan."

"Ai jikin naki ɗaya ne. Shi ma ko rabin akuya bai kai ba."

Suka yi dariya. Amma Angelina ta san duk wadda ta ɗaura, sauran biyun za su gane ba tasu ba ce.

Ta zazzage jakar. Yanar ido ta fara rage mata gani, saboda haka da hannu ta riƙa haɗa ƙyallayen, tana lalube, tana kiran sunan kowane biki a hankali.

Ranar aure zanin ƙyallayen bai kai ɗauri ba. Ta yafa shi a kafaɗa, a kan tsohuwar rigarta. Ta shiga farfajiya ta tarar rumfuna uku, kowane anko da rumfarsa. Can wata tsohuwa cikin zumunta ta miƙo yatsa ta taɓa wani ƙyalle, ta ce na bikin girbin shekarar da ita kanta ta zo garin ne. Wata daga layi ta ga na jana'izar uwarta, ta dafa shi. Kulu ta daɗe tana nema kafin ta samu nata.

"A gefe kika sa ni?"

"A gefe ake kamawa, Yaya."

An yi ta gardamar inda uwar amarya za ta zauna. Ba a san wadda ta fara jan kujera ba, sai dai kafin a kawo abinci rumfunan uku sun cakuɗe.

Damina ta gaba Angelina ta rasu, da rana tsaka, ana yayyafi. Happiness ba ta rufe shagon ba. Zanin na nan a kan keke, allura soke a bakinsa, zare na reto. Kusa da shi akwai ƙyalle uku da ta riga ta yanka, shuɗi da kore da ruwan goro. Mata kan biyo su ɗaga zanin, su duba nasu, su mayar. Har yau ba wadda ta zare allurar.