Hutun da Ba Shi da Ranar Dawowa

Maigidana ba mutumin yawo ba ne. Tun da muka tare a unguwar Fadikpe hanyarsa ba ta wuce ofis, masallaci da wurin bakanike ba. Ko kasuwa na ce ya raka ni, sai ya tuna yana da ciwon baya. Saboda haka ranar da ya dawo daga aiki, ya ajiye ledar lemu, ya ce, "Ya kamata mu tafi hutu," sai da na leƙa fuskarsa in ga ko zazzaɓi ne.

"Hutu kamar yaya?"

"Hutu dai irin na mutane. An tashi 'yan makaranta, ni ma na ɗauki nawa a ofis. Mu je wajen Inna, ku ci sabuwar doya, in kai ku bakin ruwa ku ci kifi. Mu ɗan kwana biyu mu dawo."

Inna mahaifiyata ce. Tana ƙauyenmu, can bayan Kuta, inda in ka sauka daga kwalta sai ka bi jar hanya har ka iske wani rafi. In an tafka ruwa, ko babur ba ya ƙetare rafin nan. Tsakiyar damina ce, ni kuma cikina ya shiga wata na takwas.

'Yarmu ta fari da tiyata aka ciro ta, bayan na yi naƙuda har na daina gane mutane. A wannan cikin kuwa, tun zuwana awo na farko likita ta ja mini kunne: kada naƙuda ta same ni nesa da inda ake tiyata, domin tsohon ɗinkin yana iya buɗewa ta ciki. Maigidana yana zaune a gefena aka faɗi wannan magana, har da gyaɗa kai.

Amma ina son tafiyar, ba zan ɓoye ba. Na gaji da ɗaki ɗaya, da zafi, da ƙarar janareton maƙwabta. Ina kwaɗayin miyar Inna, wadda duk yadda na kwaikwaya ba ta fitowa daidai. Da safe in ce zan je, da yamma in dubi ƙafafuna da suka kumbura in ce ina, ba da ni ba. Da na je awo na tambayi nas, ta danna cikin, ta ce in dai 'yan kwanaki ne babu laifi, amma in dawo da wuri, kuma ko ɗan ciwon mara na ji kada in tsaya jira. Na fito ina murna kamar yarinyar da aka ɗinka wa kayan salla. Na sayi sabulu da sukari da atamfa ta tsaraba, na bi gidajen layinmu ina sanar da mata cewa mu ma bana za mu hutu.

Ana gobe tafiya, da hantsi, ina ƙulla zoɓo sai ga maƙwabciyata, Maman 'yan biyu. Mutuniyar Kudancin Kaduna ce, tana sayar da abinci a bakin titi, ranar Lahadi kuma muryarta ce ke tashin layin in za ta coci. Ni sana'ata ƙanƙara da zoɓo, kuma takan ajiye naman miyarta a firizata. Ta zauna a kan bokiti ta ce, "Madam, na zo karban makulli."

"Wane makulli?"

"Na firiza mana. Oga ya ce in rike, in dinga kunna shi kada ya lalace, tunda ba za ka dawo ba sai bayan arba'in."

Na yi dariya. Na ce ba ta ji daidai ba, kwana biyu za mu yi.

Ta zuba mini ido. "A'a. Ya ce shi da yarinya za su dawo, kai za ka zauna wurin Mama ka haihu. Ni har na ce masa, ah ah, Oga, da wannan ciki na ofireshon?" Sai ta ga yadda fuskata ta koma, ta dafe baki. "Wayyo Yesu. Ba ka sani ba?"

Ledar zoɓon da ke hannuna ta fashe, ya wanke mini zane, ban ko motsa ba. Da na iya tashi, ɗaki na shiga na ɗaga kai saman wadirob, inda na ajiye jakar haihuwa da na haɗa tun wata na shida. Babu ita. Na ɗauki makullin mota, domin ranar ya hau acaɓa don ya adana mai, na buɗe but. Ga ta can a ƙurya, an lulluɓe ta da tabarma, an ɗora jarkar mai a kai. Har da shawul ɗin jariri da na ɓoye a ƙasan akwatina. Mutumin da bai san inda ake ajiye cokali ba, ya binciko shawul.

Na zauna a bakin but ɗin. Tsoro bai zo ba tukuna, mamaki ne ya cika ni har wuya. Duk zumuɗin da na yi a layi, ashe rakiyar kaina nake yi.

Da ya dawo da la'asar ya tarar da jakar a tsakiyar tabarmarsa. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

Na ce, "Malam, sannu da shirya hutu. Yaushe za a dawo da ni, ko sai an dawo da labarina?"

"Subhanallahi, wace irin magana ce wannan?"

"Kana zaune likita ta yi bayani. Da kunnenka ka ji. In ruwa ya cika rafin nan naƙuda ta tashi, a kanka za ka ɗauke ni?"

Ya zauna a ƙasa, ya cire hula. Na zaci zai yi musu, har na tanadi abin da zan mayar masa. Sai ya ce, a hankali, "Ke ba ki ga ranar ba. Barci kike. Ni na tsaya a ƙofar ɗakin nan, aka fito aka ce a nemo jini, na bi gari ina roƙon mutane kamar mahaukaci. Inna ta kira ni ta ce ita ta haifi nata duka a ɗaki, ta karɓi haihuwar rabin ƙauye, kuma tana da magani. Ta ce in kawo ki, ba mai sa miki wuƙa. Ni kuma ba zan iya sake tsayawa a ƙofar nan ba."

Wannan ya fi jakar girgiza ni. Shekarun nan duka bai taɓa ɗaga maganar ranar ba, ni kuma na ɗauka ya manta. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai ragu ba ko kaɗan. Na ce masa babu inda za ni, ya kira Inna ya gaya mata da bakinsa.

Washegari kafin azahar sai ga Inna ta sauka daga motar 'yan doya, da ƙullin magani a hannu, fuska a ɗaure. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara. Ta tara itace tun rani, ta ce, ya kai tsayin danga. Ta sa an gyara ɗaki, ta sayi kanwa, ta ajiye gero na kunu. "Ke 'yar nan, a gidanmu ba a yanka mata. Gaggawar mutanen birni ce kawai. Da ina nan wancan karon da ba a taɓa ki ba."

Gaskiya ne ba ta nan. Lokacin tana jinyar mahaifinmu, sai ranar suna ta zo ta koma, gwaggon maigidana ce ta yi mini wanka. Sai a lokacin na gane Inna ba ta taɓa ganin wurin ɗinkin ba. A zatonta ɗan tsagi ne irin na wanzami.

Ni da ko ɗankwali ba na cirewa a gabanta, na ja ta ɗaki, na tura ƙofa, na sassauta zane na ɗaga cikin da hannu biyu. Na ce, "Inna, duba."

Ta kawar da kai. Na ce, "Don Allah ki duba."

Ta duba. Ta durƙusa, ta ɗora babban yatsanta a farkon tabon, ta miƙa hannu iyakar miƙuwa kamar mai awon yadi, tabon ya wuce tafinta. Ta sake gwadawa daga ɗaya gefen. Hannunta ya yi sanyi a jikina.

"Duk wannan?"

"Wannan na waje ne, Inna. Akwai irinsa a ciki, shi ne suke tsoron ya buɗe."

Ta sauke hannunta. Sannan ta gyara mini zanen da kanta, ta ɗaure shi kamar yadda take yi mini ina ƙarama. Ta fita tsakar gida inda maigidana yake raɓe a jikin bango, ta ce, "Tashi ka nuna mini hanyar asibitin. Da ƙafa za mu, ina so in san ta."

Ba ta koma ƙauye ba. Itacen da ta tara maƙwabta suka ƙone shi a hankali, ƙullin maganin kuma ya zauna a saman firiza har ya bushe. Ranar da aka shiga da ni tiyata, ina kan gadon da ake turawa na ga maigidana ya nufo ƙofar. Inna ta tare shi da hannu, ta nuna masa benci can ƙarshen baranda.

Ta ce, "Je ka zauna. Wancan karon kai ka tsaya. Yau ni ce."