Mai Makulli da Notin da Ya Ƙi Kuncewa

Shekara ashirin da shida Mai Makulli ya yi yana yankan makulli a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matattakalar bene, tsakanin mai ɗinkin takalma da Dogo mai gyaran kayan lantarki. Mutum ne gajere mai son raha, kullum gaban rigarsa da garin ƙarfe. Bai taɓa sa hannu a harkar lantarki ba, sai ranar da dutsen gugar matarsa ya mutu tana tsakiyar goge kayan fita.

Ya kai wa Dogo. Dogo ya juya dutsen, ya leƙa gindinsa, ya miƙo masa abinsa.

"Yaya, wannan ba ya buɗuwa. Dubi kan notin, rami ne mai kusurwa uku, ba tsaga ba. Da gangan kamfani suka yi shi haka. Ko ka kai musu, ko ka sayi sabo."

"Ikon Allah! Abu nawa, a gidana, a ce an kulle ni a waje?"

Abin ya tsaya masa a rai. Ya koma shago, ya jiƙa guntun sabulu ya danna a kan notin, siffar ramin ta fito raɗau. Ya ɗauko tsohuwar sukundireba ya hau gugar bakinta da magagari. Ta farko ta yi siriri, ta karye. Ta biyu ta zame ta yanke shi a yatsa. Ta uku ta zauna daram, notin ya juya.

Da Dogo ya duba cikin, sai ya fashe da dariya. Wata 'yar waya ce kawai ta saki. Minti biyu ya haɗa ta.

Matar ta karɓi dutsen ta kalli yatsan da ya naɗe da tsumma. "Baban yara, yini guda ka rufe shago saboda wannan?"

"Ai ba don dutsen ba ne, don rainin ne."

Labari ya zaga layin. Masu gyaran fanka, rediyo da butar lantarki suka riƙa kawo masa duk notin da ya gagare su: mai kama da tauraro da tsinke a tsakiya, mai ramuka biyu, mai shiga ba ya fita. Kowane noti sai ya goga masa tasa sukundirebar, ya rataye a bango, ya raɗa mata suna. Akwai Idon Maciji, akwai Mai Taurin Kai, akwai Surukuwa, wadda sai an lallaɓa take aiki. Aro yake ba su kyauta, sharaɗinsa biyu: a dawo masa da ita, kuma a zare abu daga wuta kafin a taɓa. Shi buɗewa kawai ya iya, gyara na masu gyara ne.

Bara yayarsa ta zo da tsohuwar rediyonta, mai noti irin na da, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya. Ya duba bango sama da ƙasa, sukundireba talatin da huɗu, babu ko ɗaya ta gama-gari. Duk ya goge bakinsu ya sauya musu siffa.

"To, gwani," in ji yayar, "ko in kai wa kamfani?"

Ya sunkuyar da kai ya tsallaka titi, ya aro sukundireba ta gama-gari wajen wani tela.