Na Sa Aka Ce wa Inna Wayata Ce Ta Lalace

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai ba a nan. Waɗanda suka yi ta turo saƙo ban amsa ba, ku yafe min. Ba wulaƙanci ba ne, kwanciya na yi.

Tarin fuka ne. Na faɗi sunansa a fili, don ni ma na daɗe ina kunyar faɗa.

Waɗanda suka san ni tun gida sun san na yi soja kafin in zo London. Daji aka kai mu, can arewa maso gabas. Mu da yawa a tanti ɗaya, kowa na tari, ba mai kulawa. Ka ce ba ka da lafiya, a ce tsoro ne ya kama ka. Sai ka haɗiye farasitamol ka koma bakin ramin yaƙi.

Wuri ɗaya ake samun network a sansanin, saman tankin ruwa. Layi muke bi mu hau. Kowa ya hau maganar ɗaya ce: lafiya lau, muna cin abinci, a yi ta addu'a. Na ga ƙato da bindiga a kafaɗa yana saukowa yana goge ido, don kawai ya ji muryar 'yarsa. Ni mahaifiyata nake kira, Inna, a Potiskum. Wani lokaci ko ba ta ce komai ba, in ji ƙarar taɓarya da kukan awaki a bayanta ya ishe ni.

Muna da wata al'ada kuma. Idan aka kashe mutum, kafin manya su sanar da gidansu, duk wanda iyalin mamacin suka kira a cikinmu sai ya ce, "Yana nan lafiya, wayarsa ce ta lalace." Da na je hutu na taɓa ba Inna wannan labarin tana tankaɗe. Ta ci gaba da aikinta. Ni har na manta na faɗa.

Bayan na bar aikin, kawuna ya yi min hanya na zo nan, ina sauke kaya a wani shago a Old Kent Road. Tari ya fara da shigowar sanyi. Sai zazzaɓi, sai gumi har ya jiƙa katifa. Wandona ya fara zamewa, na ƙara wa bel huda.

Baba Issah, dattijo ɗan zangon Kumasi da muke flat ɗaya a Thamesmead, ya ce, "Kai soja, wannan tari ba na sanyi ba. Je ka ga GP, likitan unguwa."

Na ce zai wuce. Haka muka saba.

Ranar da na tofar da jini ina jiran bas, shi ya kai ni asibiti a Camberwell. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi jini, aka ba ni ƙaramar roba in tofa majina. Na ce wa likitar ai an duba ƙirjina kafin in zo ƙasar nan. Ta ce, "Tarin fuka yana iya kwanciya shiru a jikin mutum shekaru. Wataƙila tun can ka ɗauko shi."

Ashe na bar sansani, shi bai bar ni ba.

Aka sa ni a ɗaki ni kaɗai. Duk mai shigowa sai ya rufe hanci da baki, idanu kawai nake gani. A daji ko ba komai akwai wanda za ka jingina da kafaɗarsa. A nan taga ce da saman bas-bas suna wucewa. Na ji tsoron mutuwa a ɗakin nan fiye da yadda na ji a rami.

Duk Juma'a Inna takan kira ni ta bidiyo, ƙanwata Hauwa ke riƙe mata wayar. Na kalli kaina a madubin banɗaki, ido ya faɗa, ƙashin wuya a waje. Na ce ba za ta gan ni haka ba. Na kashe waya, na ce wa Baba Issah idan sun kira shi ya ce ina lafiya, wayata ce ta lalace.

Wallahi bakina ne kawai ya faɗi abin da ya saba ji.

Juma'a ta wuce, wata Juma'ar ma ta wuce. Sai ga Baba Issah ya shigo, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Me ka sa ni na faɗa? Mamanka ya daina cin abinci. Ya ce ka mutu, muna ɓoye mishi. Har asibiti an kai shi."

Sai na tuno ta zaune tana tankaɗe.

Da wayarsa na kira. Hauwa na ganina ta fashe da kuka, ta juya wayar. Inna na kwance a tabarma, ta rame kusan kamar ni. Ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Wannan ba shi ba ne. Nawa yana da kumatu."

Na buɗe baki zan yi magana, tari ya sarƙe ni. Tarin nan da nake ta ɓoye mata. Na dafe ƙirji da hannu biyu, na kasa tsayawa.

Sai na ji ta ce, "Shi ne. Haka yake dafe ƙirji tun yana yaro." Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar ta kira. "Habu. Yi ta tarinka, ni dai in ji."

Maganin ya ɗauki watanni. Ƙwayoyi cike da tafi kafin karin kumallo, fitsari ya koma ja, ana ta duba hanta. Ban biya ko sisi ba. Yanzu likita ta ce na warke, na koma aiki. Inna ce ba ta dawo daidai ba. Tun lokacin hawan jini ya kama ta, har yau tana kan magani.

Na gode wa Allah. Na gode wa ma'aikatan asibitin da ban taɓa ganin bakinsu ba, da Baba Issah da ya yi ta hawa bas da kular tuwo.

'Yan'uwa, musamman waɗanda muka yi daji tare, tarin da ya ƙi tafiya ku kai shi asibiti. Idan an ba ku magani ku shanye, ko kun ji sauƙi. Kuma ku bar iyayenku su gan ku a rame. Za su iya ɗauka. Shirun ne ba sa iyawa.

Makon jiya wayata ta faɗa ruwan wanke-wanke, ta lalace da gaske. Ban aika kowa ba. Na ari ta Baba Issah, na kira Inna da bakina.