Inuwar Kawu a Ƙasan Hoto

Jiya ina kakkaɓe adaka sai wani hoton garin Riruwai ya faɗo, ya yi ja, yana warin kafur. Marigayi kawuna ne ya ɗauka, tun kafin mulkin kai. Tela ne, amma kullum da hantsi sai ya zaga da kyamararsa, ya ɗauki mahauta ko masu wankin kuza.

Wata rana na ce, "Kawu, kawo kai ma in ɗauke ka."

Ya ce, "Hannunki rawa yake, 'yata. Sai kin girma."

Bai jira na girma ba, ya rasu. Da yake yakan sa rana a bayansa in zai ɗauki hoto, inuwarsa kaɗai ta rage a ƙasan hoton, hula a karkace. Fuskarsa kuwa ta fara ɓace mini.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sake nuna mini fuskar nan a Aljanna.